Jinjina ga Sarkin Agogon Duniya

Ranka ya daɗe FIFA, giwa mai gida a Zurik, gagara-gasa, mai raba wa duniya barci da farkawa! Talakawanka na Damargu, daga Tanut har Balbeji, sun ga jadawalin gasar cin kofin duniya ta 2026, sun durƙusa suna godiya.

Ƙasashe 48, wasanni 104, birane 16 a Amurka da Kanada da Meziko, daga 11 ga Yuni zuwa 19 ga Yuli. Wane mai hikima ne zai iya zaɓo waɗannan makonni in ba kai ba? Daidai lokacin da manomin Damargu ya zuba wa sama ido, irin gero a ƙwarya, sungumi a kafaɗa, yana jiran ruwan shuka. Daidai lokacin da ɗalibai ke fama da jarrabawar ƙarshen shekara. Ka san mai sammako gona ba abin da yake bukata kamar kwana zaune, sai ka tanadar masa.

Dubi karamci! Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, ka haɗa ta da Ajantina a birnin Kansas, ka ce a take leda ƙarfe 2 na dare agogon Nijar. Tunisiya da Japan kuwa a Montere, ƙarfe 5 na asuba. Iyaye da malamai sun yi shekaru suna fama da samari su tashi da asuba, kai da takarda ɗaya ka tashe su. Ladan na kiran salla, mai sharhi na kiran sunayen 'yan wasa, yaro na tsaye tsakanin masallaci da gidan kallo yana koyon zaɓe. Wannan tarbiyya ce da ba a samu a kowace makaranta.

Ga kuma albarkar kasuwa. Mai gidan kallo ya shimfiɗa benci, ya ɗaure kwanon tauraron ɗan Adam da waya don kada iskar hadari ta juya shi. Batirin sola da ya sha rana yini guda ya kan ƙare tun kafin a take, sai a tada janareto. Man da ake tacewa a matatar SORAZ, nan cikin ƙasar Tanut, ya samu aikin dare. Mai shayi ya samu ciniki. Tsohuwar da katangarta ke jingine da rumfar kallon ta samu kiɗa kyauta har wayewar gari. Da hantsi a ga saurayi a gona, ido jawur, yana zuba iri a ramin da ya riga ya zuba. Shuka biyu a rami ɗaya, ai yabanya sai ta yi kauri.

Adalcinka kuma tsoho ne, toron giwa. A Meziko a 1986, da Amurka a 1994, ka sa 'yan wasa gudu da tsakar rana don Bature ya ci abincin darensa a gaban talabijin, mu ma muka ci arzikin agogonsa. Ran 31 ga Mayu 2002, da Senegal ta doke Faransa da ci ɗaya a Seul, ƙarfe 12 da rabi ne a nan, ranar Juma'a, jama'a na shirin masallaci. Ba ka taɓa wulaƙanta mu da tambaya ba, domin babba ba ya shawara da wanda ya san zai yarda.

Masu hassada na cewa Afirka na da ƙuri'u 54 cikin 211 a majalisarka, ya kamata wasannin ƙasashenta su zo a sa'ar da mutanenta ke farke. Rabu da su. Ba su san darajar kuɗin talla ba, ba su kuma gane rahamar da ka yi mana ba: Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, ta ƙare ta biyu a bayan Maroko a rukuninta na share fage, ba ta je ba, ka hutar da mu da fargaba, ka bar mu da kwana zaune zalla.

Roƙonmu ɗaya ne, zaki: kada ka saurari kowa. Ka ƙara ƙasashe, ka ƙara wasanni, ka tura su can cikin dare. Gero ya jira, jarrabawa ta jira, barci na malalata ne. Allah ya ƙara maka nasara, ya ƙara wa Damargu haƙuri.