Taurari Biyu da Hotunan Uhola

Binciken fayil mai kutsawa shi ne a sa kwamfuta ta shiga folda, ta shiga wadda ke cikinta, da ta cikin wannan, har ta ƙure, kamar mai neman kuɗin tsohuwa: ɗaki, adaka, kwalla, sannan ƙullin tsumma. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, os.walk na wannan aiki tun 2003. A 2015 aka koya wa abokiyar aikinsa glob shi da alamar taurari biyu (**), bisa sharaɗin a ƙara recursive=True. In aka manta, glob ba ta ƙorafi. Hawa ɗaya take leƙawa ta dawo abinta.

Sharaɗin yana cikin bayanin da aka rubuta kan glob, sai dai mai sauri misali yake kwafa, rabi ma. Haka ta faru da wani matashi mai shagon hoto a Manga ta ƙasar Zuru, ranar da kawunsa ya zo karɓar hotunansa na bikin Uhola. Ya buga taurarinsa biyu, kwamfuta ta kawo hoto uku, duk na akuya.

"Kawu, sai haƙuri, ƙwayar cuta ta cinye su."

"Ta cinye ni da rigar dubu talatin, ta bar akuya?"

Da gumi ya ishe shi ya koma ya karanta, ya ƙara sharaɗin, amma ya saki binciken daga tushen faifan gaba ɗaya. Bayanin ya yi gargaɗi cewa hakan na cin lokaci. Gargaɗin yana ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai bayan ɓarna. Wuta ta ɗauke, janareta ya sha lita guda. Can hotuna suka fito, Kawu da rigarsa tsaf, tare da wasu arba'in na mai shagon yana gwada murmushi domin wata ɗaliba. Kawu bai tsallake ko ɗaya ba.

Gyaran irin wannan bayani ba shi da tsada. A jera misali biyu, mai sharaɗi da marar shi, kowanne da abin da ya dawo da shi, a ɗauko gargaɗin lokaci a manna shi jikin misalin. A nan kuma ya kamata a faɗi cewa glob na tsallake fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, sai an sa include_hidden, wanda ya zo a 2022.