Zuwa ga Bazabarmen da Ke Neman Saiwarsa a Yamai

Bawana Bazabarme,

Gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Labari ya iso mini nan Dakoro cewa ka sayi ƴar tabarmar roba, kana zuwa wani ɗaki a Yamai, ka tuɓe takalmi, ka tanƙwashe ƙafa, ka runtse ido, wai kana yoga. An ce da bakinka kake faɗa wa mutane cakrarka ta saiwa ce ta toshe, shi ya sa barci ya ƙaurace maka, kuɗi kuma ba sa kwana a aljihunka. Na yi maka jajen barcin. Maganar kuɗi kuwa kada ka ɗora wa cakra. Mai dambu da kopto ta bakin buro ta fi kowa sanin inda albashinka ke shiga.

Da yake ba na son a cuci bawana ina raye, sai da na bi diddigin abin. Masu bin tafarkin Tantra a Indiya suna cewa akwai cibiyoyi da suke kira cakra jere a jikin mutum, daga ƙarshen ƙashin baya har tsakar ka. Ta ƙasa duka, daidai inda mutum ke zama a kai, ita ce Muladhara, wadda kake kuka da ita. Suna zana ta da furen bado mai jajayen kunnuwa huɗu, a tsakiya akwai murabba'i rawaya wanda ke nufin ƙasa, da giwa, da wani maciji mai suna Kundalini da ya naɗe sau uku da rabi yana barci. Wani malaminsu Purnananda ya tsara bayanin a 1577, wani alƙali Bature mai suna John Woodroffe ya juya shi zuwa Ingilishi a 1919, daga nan Turawa suka ɗauka. Launukan bakan gizo guda bakwai da ka liƙa a bangon ɗakinka ma ba na Purnananda ba ne, Turawa suka ƙara a baya-bayan nan, suka yaɗu a shekarun 1970. Babu likitan da ya taɓa yi wa mutum fiɗa ya iske fure ko giwa. Su kansu masu abin a zuci suke sura shi lokacin ibadarsu. Ka lura, ibadarsu na ce. Miƙa jiki da jan numfashi ka yi ta yi. Kalmar nan «lam» da ake sa ku rerawa kuwa, ka fara biyawa ta wurin limamin unguwarku.

Ban raina duka ba. Mutumin da ke wuni kan kujera, ido a kwamfuta, kunne a salula, in ya samu rabin awa ya zauna ƙasa ya ja numfashi a hankali, bugun zuciyarsa zai lafa, wuyansa ya saki. Wannan gaskiya ne, ko da giwa ko babu.

Sai dai malamarku ta yoga ba ta san asalin ciwonka ba, ni na sani. Gado ne. Ku da kanku kuke ba da labarin kakanku Mali Bero, cewa da zai yi ƙaura da mutanensa bai hau doki ba, bai taka sayyada ba, gindin rumbu ya sa suka shiga, ya tashi da su sama, sai Sargan a Zarmaganda. To wanda kakansa ya zo ƙasar nan ta iska, yaya za a yi ƙafarsa ta kama ƙasa? Tun daga ranar ba ku zauna ba. Yau Kumasi, gobe Ankara, jibi Kwatano. Na san me za ka ce: ai Gobirawa ma daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle nan kusa da mu, suka wuce Alkalawa, suka dawo Tsibiri. Haka ne. Amma da ƙafa muka yi ta, kowane zango ƙasarsa ta san tafin sawunmu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ranar yoga, tun 2015 ake yi. Wanda ya zaɓi ranar bai tambayi Dakoro ba. Lokacin nan idon kowa na gabas, ana jiran hadari, a ƙasar da sau da yawa ruwan shekara ba ya kai milimita 400. In ruwan shuka ya sauka da dare, kafin rana ta fito gari ya watse. Maigida na gaba da sungumi yana sara, mata da yara na biye, a jefa hatsi a rami, a rufe da dunduniya, a taka, a wuce. Haka har azahar. Malamarku na ce muku ku ji nauyinku yana sauka ta tafin ƙafa. Zo ka yi mana layi goma a jigawa, za ka ji shi ya sauka har ka rasa mai ɗaga maka shi. Tsugunon da kuke kira Malasana, kuna ƙirga numfashi biyar kuna nishi, tsohuwar gidanmu a haka take tsince wake tun hantsi, tana kuma ba da labari.

An ce akwai tsayuwar itace: ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a cinya, hannuwa sama, mutum ya ɗauka saiwa na fita daga sawunsa. Makiyayin Bermo yana yin wannan da sanda a kafaɗa, shanu na kiwo, bai biya kowa ko dala ba. In kuma saiwar gaske kake son gani, jiharmu ta Maradi ce makarantarta. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, sai ya lura ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashi. Aka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Shi ne sassaben zamani. Yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Maradi da Damagaram. Gawo kuwa ka san halinsa: da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi kore shar, don saiwarsa ta kai inda ruwa yake.

Na ji har a Amurka ana sayar da shimfiɗa mai waya, a soka ta a bango, wai ta haɗa mai barci da ƙasa. Allah Sarki.

A nan, in aka ce mutum ba shi da gindin zama, ba a nufin wani fure ya toshe. Ana nufin gonar gado ce aka raba har ta koma ba ta cika rumbu, sai saurayi ya ɗauki jaka ya nufi Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma ta yankinmu ta ratsa, wajen kwarin Tarka. Manomi na turawa arewa don ƙasa ta yi masa kaɗan, makiyayi na iske burtali ya zama gona. Rashin barcin waɗannan ba tabarmar roba ke maganinsa ba. Na faɗa maka ne don in kana lissafin damuwarka ka san akwai na gabanka a layi.

Kada ka fara kawo mini ɗan kokawa Issaka Issaka na Doso don ka nuna kuna da masu dasa ƙafa a fili. Takobin gasar kokawa ta ƙasa na farko, a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauke shi. Ko a UNESCO, wasan taubasantakar nan da nake maka an rubuta shi a 2014, yoga sai 2016. Ka ga ko a can ni ne babba.

Ga magani, kyauta. Ka hau mota zuwa Maradi, ka kama hanyar arewa, kilomita ɗari da ƴan kai ka iso. Kada ka ji tsoron baƙunta: raƙuman dawa takwas da aka kwaso daga Kure, ƙasarku, aka kai Gadabeji a 2018, sun zauna har sun hayayyafa, ka ga jinin Zabarmawa ma yana kamuwa in ya samu ubangida nagari. Zan kai ka rijiya ka bi raƙumi yana jan wasaki, ka sha fura da nonon da ba a yi wa baki da ruwa ba, ka kwana a tsakar gida. Tafiya ba takalmi kuma, tunda ita kake so, na ware maka wata gona da ƙarangiya ta nuna. Matsefata na wurin yara, jika ɗaya suke karɓa kowace ƙafa.

Ka taho da kuɗin sharata na bana da na bara. Tabarmar ma kada ka baro ta, akwai akuyar da za ta haihu.

Ubangidanka,
Bagobirin Dakoro