Man gwangwani ya canza, in ji layinmu

Mu a layin kafintoci ba ma yarda da gwangwanin man goge katako sai mun buɗe mun kai hanci. Daga nan a dangwalo da ɗan yatsa a murza a bayan hannu. In ya yi tauri yana ɗan jan fata, a ce wannan na gaske ne. In ya narke nan take, sai ka ga ana taɓe baki. To, 'yan shekarun nan taɓe bakin ya yi yawa. Wanda duk ka taɓa sai ya ce man yanzu ba irin na da ba ne: ya yi ruwa, warinsa ya mutu, ka shafa ka yi ta zaman jira kafin ya yi hazon nan da ke nuna lokacin gogewa ya yi.

Masu cewa jabu ne ya cika kasuwa suna da tasu gaskiyar, amma can inda ake yin man ma an taɓa haɗin. Abu biyu ne a gwangwanin: kaki, da ruwan da ke sassauta shi ya shafu, sannan ya bi iska ya bar kakin a jikin katako. Turawan da, kakin zuma suke narkarwa a tafentayin, wanda ake tatsa daga ƙaron itacen fayin. Daga baya ruwan da ake tacewa daga ɗanyen mai ya ƙwace wurin saboda araha. Wasu kamfanonin suka zuba toluwin don saurin bushewa, kuma shi ne sinadarin da ke cikin sholishon da ke lalata mana matasa. Da dokokin tsaftar iska suka tsananta a wurare irin su jihar Kalifoniya, sai aka shiga sauya ruwan. Man Briwax na Ingila ma iri biyu yake fitowa, mai toluwin da marar shi.

Dattijon da ke da injin yanka a bakin layi yakan ce man da ba ya hawa kai ba ya kama katako. Muna girmama Baba, hannunsa ya fi namu sanin katako, amma a nan ban bi shi ba. Yaranmu ne ke yini a ɗakin amarya, taga a rufe saboda ƙura, suna goge gado da kabad har idonsu ya kaɗa, su fito suna dafe kai. In jiran minti ashirin ne kuɗin lafiyar yaran nan, a jira.

Inda masu taɓe baki suka yi gaskiya shi ne batun tauri. Kakin da ke ba mai ƙarfi da ƙyalli sunansa karnuba, daga ganyen wata giginyar arewa maso gabashin Burazil ake kakkaɓo shi. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, na zuma kuwa wajen 63, yawancin na kyandir ma bai kai haka ba. Karnuba tsada gare shi, don haka in ka ga mai ya yi laushi ya kuma yi arha, ka san ba shi ne ya yi rinjaye a ciki ba. Irin wannan, a zafin Afrilu, sai teburi ya riƙa ɗaukar sawun yatsu.

Kafintocin Amurka ma suna cikin irin wannan ƙorafin. Kamfanin SC Johnson, mai Kiwi ɗin nan da masu goge takalmi ke yawo da shi, da daɓen katako ya fara a garin Racine a 1886, masu saye suka dame shi da tambayar abin da za su riƙa goge daɓen, ya haɗa musu mai. A 1935 shugaban kamfanin ya tashi a jirgin sama takanas har Fortaleza don ganin itacen karnuba da idonsa. Sai ga shi a ƙarshen 2021 sun daina yin man nan mai rawayan gwangwani, wanda kafintocin can ke shafa wa teburin injin yanka don kada ya yi tsatsa, katako kuma ya riƙa sulɓi. Haka mu ma muke yi in damina ta kama.

Mu dai ba mu tsaya jiran gwangwani ba. Mai zuma yana zuwa daga ƙauye, muna cewa, “Malam, in ka tace kada ka zubar da saƙar, kawo mana.” A tafasa, a tace da tsumma, kaki ya daskare a saman ruwa. A kankare shi cikin gwangwanin madara, a tsoma gwangwanin a ruwan zafi har ya narke, a sauke a yi nesa da wuta, sannan a zuba tafentayin kamar kashi uku a kan kashi ɗaya na kaki, a yi ta juyawa. Wasu kananzir suke sawa, wari ya zauna a kabad, Hajiya ta aiko a ce kayanta sun ɗauka. Masu sa fetur kuwa, da wuta suke wasa, ba ma ƙyale su a layin nan. Shafa haɗin kaki da tafentayin a kan madaci ko maɗobiya, ka bi da tsohuwar singileti, ka ga yadda jijiyar itacen ke fitowa. Sai dai kada a cika baki: bai kai mai karnuba tauri ba, in ka labta da yawa ƙurar hunturu ta samu wurin zama.

Daɓe kam ya kusa fita daga hannunmu. Iyayenmu mata da makuba suke yayyafa nasu suna bugu da madaɓi, aka zo zamanin jan siminti da jan mansa, yanzu ko'ina tayil, ruwa da tsumma sun wadatar. Sai jefi-jefi wani Alhaji ya shimfiɗa katako a falo ya kira mu. Shi ne muke roƙonsa tun kafin mu tafi kada ya bari direba ya kawo man goge mota a shafa. Da yawansu akwai silikon a ciki, yana shiga katako ya zauna, ranar da aka zo sabunta banish sai ya ƙi kamawa, ya yi ta ido-ido, dole a kankare falon gaba ɗaya.