Mai Ba Da Shawara a Gaɓar Tarifa

Masu ɗaukar hoton tsuntsaye a Tarifa, can ƙarshen kudancin Sifaniya, sun saba ɗora wa iska laifi. Ni kuwa na ce mai laifin shi ne mutumin da ke tsaye a bayansu. Iska tana da nata, domin idan ta gabas ta taso sai ta ture tsuntsayen yamma, ta bar ka kana gadin teku, amma ko ba komai ana hasashenta tun jiya. Shirwa ma ba ta ɓoye shirinta ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris take baro Afirka ta Yamma, ta bi ta Maroko, ta tsallake mashigin Jibralta. Iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa ce ke ɗaga ta sama ba sai ta kaɗa fiffike ba, teku kuwa ba ya ba da wannan, don haka take neman inda ya fi ƙunci, kilomita 14. E, shirwa dai, 'yar uwar wadda ake kora da ihu saboda 'yan tsaki.

To ga yadda abin ke lalacewa. Ta taso daga saman ruwa a gajiye, ƙasa-ƙasa, wutsiyar nan mai baki biyu tana juyawa, rana tana bayanka. Dogon gilashin kyamara ba ya ganin komai sai ɗan yanki na sararin sama, da ƙyar ka saka ta a ciki. Ka riƙe numfashi, yatsa ya hau maɓalli. Sai a dafa kafaɗarka: "Malam, ga wata can, ta fi wannan girma!" Ka juya. Kyamara ta yi ƙyas-ƙyas-ƙyas, hoto goma a jere, tara na sama fayau, na goma na yatsan mai nuni, ya fito tar har da dattin farce. Ka dawo, wadda ka riƙe ta wuce ta kan hularka. Babbar kuwa leda ce.

Za a ce ai da kyakkyawar niyya ya yi, kuma ido huɗu ya fi biyu. Gaskiya ne ga masu ƙidayar tsuntsaye, su da ke son a nuna musu kowace. Mai hoto guda ɗaya yake so, kuma ya riga ya same ta. Za a kuma ce a yi masa bayani mana. An gwada, bayanin ne ke buɗe masa baki. "Da ka jira ta sauka." Tsuntsuwar da ke sauri zuwa sheƙarta a Faransa? "Da waya ka ɗauka, ta fi sauri." Sannan ya leƙa hoton yatsansa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Amma fa kyamarar tana da kyau. Gobe ka zo da ɗan tsako."