A Sayyada Na Zaga Katsina, Sai Me?

Tun ban buɗe bakina ba na hango ka taɓe naka. To bari in faɗa, in ya so ka yi dariyar gaba ɗaya ka huta. Daga Yankara na taso, na shiga motar Funtuwa, na sake wata zuwa Katsina, ba dubiya, ba biki, ba ta'aziyya, ba wata takarda da zan kai sakatariya. Birnin kawai na je zagawa a ƙasa, ni kaɗai, tun hantsi har la'asar sakaliya.

Ka ce, "Kai kaɗai? Lafiyarka ƙalau kuwa?" Garau nake, malam. Ai tun a hanya aka yi mini bushara, don muna wuce Bakori da Malumfashi sai ga mu a Gidan Mutum Ɗaya. Gari guda ke amsa wannan suna shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin an nemo masa mai ruƙiyya ba.

Ka ce kuɗin acaɓa ne ba ni da su, shi ne nake yi wa talauci kwaskwarima. Kash! Wannan ƙazafi sai dai a lahira. Kuɗina suna aljihu, har wani mai Keke Napep ya bi ni yana ta hon daga Ƙofar Ƙaura kamar na ci masa bashi. Amma tsaya in tambaye ka. Sau nawa ka je Katsina? Goma? Ashirin? Me ka gani? Ƙeyar ɗan acaɓa. Ita ka haddace, ka san mai gumi da mai ƙora. Daga tasha zuwa ofis, daga ofis zuwa tasha, ka dawo majalisa kana cewa ka san birni kamar yunwar cikinka. In na ce ka nuna mini inda Ƙofar Guga take, Ƙofar Marusa za ka nuna.

Na san abin da ke tafe. Za ka ce yawon buɗe ido aikin Turawa ne, su da suka ƙoshi. Haka ne, suna yi. Akwai wani birni a Italiya, Bolonya, wanda jami'arsa ke ƙirga shekarunta daga 1088. Mutum zai saɓa 'yar jakarsa ya yi ta bin rumfunan bakin titi, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2021, ya tsaya gindin hasumiyar Asinelli mai tsayin mita 97 yana ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Da ɗanka ne ya turo hotonsa daga can, wallahi sai duk Faskari ta gani a wayarka, har mai shayi. Amma ni da na je gindin tamu hasumiyar, ni ne mara aikin yi?

Ka ce wace hasumiya, Gobarau? Wadda ba ta wuce mita 15 ba, tankin ruwa ma ya fi ta tsayi? A'a, a'a, dakata. Da ƙasa aka gina ta, ba rodi ba siminti, kuma tarihin gari yana jingina ta da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya yi mulki a Musulmi. Shekara sama da 500 ke nan ana yi mata yaɓe tana tsaye. Kai ɗakin bulon da ka gina, damina nawa ya yi kafin ya tsage? Ba sai ka amsa a gaban mutane ba.

Sai ka matsa kusa za ka ga abin. Hawa-hawa take, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa, jikinta ja-ja, in ka dafa ka ji ɗumin rana a tafinka. Matakalar ba ta masu tumbi ba ce. Ni da nake taƙama da noma sai da na tsaya a tsakiya ina yi kamar kallon gari nake, alhali numfashi nake nema. Daga sama kuwa ga rufin kwano sabo da mai tsatsa sun cakuɗe, ga dalbejiya tsakanin gidaje, ga shanyar wata baiwar Allah, ga tattabarun wani yaro suna kewaya. Na daɗe a wurin. Ba wanda ya ja mini riga ya ce mu tafi, kuma daɗin kaɗaicin ke nan. Gwada zuwa da abokai huɗu ka gani: ɗaya yunwa, ɗaya fitsari, ɗaya waya da amarya, na huɗun kuma tun a ƙasa ya ce ai ya gani, ya isa. In kuwa da Bagobiri a cikinsu, yana jin sunan zai ce ta kakansa ce, ku wuni kuna shari'a.

Ka ce to ina ruwan hasumiya da jami'a? Ina satifiket, ina rigar yaye ɗalibai? Allah sarki. Wato ilimi bai zama ilimi ba sai an ɗora wa mutum hula mai bante? Masallacin Gobarau makaranta ne tun kafin a san allon bango a ƙasar nan. Shehu Magili ya sauka Katsina ya karantar a ƙarshen ƙarni na 15. A nan Wali Ɗanmarna ya zauna, a nan Wali Ɗanmasani ya yi rubuce-rubucensa har ya rasu a 1667, kuma unguwar Masanawa tana nan, da ƙafata na ratsa ta. Akwai kuma Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda a 1732 ya rubuta littafi kan hatimin lissafi, irin wanda ko ta tsaye ka haɗa lambobin, ko ta kwance, ko ta karkace, jimilla ɗaya za ta ba ka. A Alƙahira ya rasu, 1741. Kai kuwa canjin dubu ɗaya sai ka ciro waya.

Ba ka gamsu ba, boko kake so? Zo mu je. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, tana nan, ta zama gidan adana kayan tarihi. Ita ma ginin ƙasa ce, bango mai kauri, kana shiga sanyi ya tare ka kamar ka leƙa randa. Laluba aljihunka. Mai naira 200, Sardauna, a nan ya yi karatu. Mai naira 5, Tafawa Ɓalewa, in har kana da ita, shi ma nan. Abubakar Imam nan. A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau. Zagezagi suna ta ƙafafa da ita, mu dai mun san inda aka yanke mata cibi. Yanzu ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Al-Ƙalam. In wannan bai isa a kira gari birnin ilimi ba, sai ka kawo naka mu gani.

Saura babbar hujjarka, kuma a nan ba zan yi maka dariya sosai ba. Ka ce a wannan zamani baƙo ya riƙa yawo shi kaɗai yana leƙe-leƙe, ai sai a ce infoma ne. Gaskiyarka. Mu da muka fito daga Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa mun san yadda tafiyar ƙasa ta zama abin tsoro, hanyar gonar da muka bi muna yara yau sai an yi shawara kafin a bi ta. Wataƙila ma shi ya sa ƙafata ke ƙaiƙayi. Amma maganin zargi a cikin birni tsohon magani ne: sallama. Kada ka ɗaga waya kan gidan mutane ko fuskarsu ba izini, kada ka tsaya zuru a bakin lungu kamar an dasa ka.

Ni ma na ɓata, ba zan ɓoye maka ba. Na bi wani lungu da gadara, ya yi ta tsukewa har ya ajiye ni a ƙofar zauren wasu, akuya tana kallona ina kallonta. Wani dattijo na zaune a dakali yana jan carbi.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da hutawa."

"Yawwa ɗana, maraba. Daga ina?"

"Daga Yankara, Baba. Hanyar Ƙofar Soro nake nema."

"Ikon Allah, 'yan Karaɗuwa ne. Ya kuke fama da mutanen dajin nan? Allah ya kawo sauƙi. To ai ka ba ta baya. Kai, Ɗanlami, zo ka fitar da babanku titi."

Kafin yaron ya zo an miƙo mini ruwa a kofin silba. Katsina ɗakin kara ke nan, ba a littafi na karanta ba. Mai acaɓanka ya taɓa tsayawa an ba ka ruwa?

Kada ka ce na dawo ina ta yabo kamar maroƙi. Raina ya ɓaci ma. Ganuwar da ta kewaye birnin gidaje sun cinye mafi yawanta, abin da ya rage wani wurin tudu ne kawai da leda ta lulluɓe. Ƙofofin an sake su da siminti, sun yi kyau a hoto, amma tsufan ya tafi. Na tsaya a Ƙofar 'Yanɗaka, ta inda Bature Lugga ya shigo a 1903, na tambayi wasu samari uku ko sun san abin da ya faru a nan. Ɗaya ya ce hatsarin tirela. Daga nan na bi ta maƙabartar Ɗanmarna, inda aka rufe Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, na yi wa mamata addu'a daga bakin katanga, na wuce.

Ka ce to me na samo, ban da kaushi? Na samo kaushin, har da ƙari, don silifas ɗina ya tsinke dab da filin Kangiwa, na zauna kan bencin mai gyaran takalmi ƙafa ɗaya a sama ina shan fura, dogarai na wucewa cikin ja da kore. Wannan laifina ne, wa ya aike ni zaga birni da silifas? Ka yi dariyarka, na yafe.

Amma ran da takarda ta sake kai ka Katsina, in an ce maka oga bai shigo ba sai bayan azahar, kada ka kwanta a benci kana danna waya. Ka sauka Ƙofar Ƙaura, ka sayi ruwa, ka miƙe ka nufi Ƙofar Soro, daga can ka tambayi Gobarau, kowane yaro zai nuna maka. Ka bari sai da hunturu, don ranar bazara ba ta san ɗan yawon buɗe ido ba. Kuma don Allah ka sa takalmi sau-ciki.