Yadda Maigida Zai Ƙera Akwatin Sarƙa Bai Talauce Ba

Maigidan da ya gaji da ganin 'yan kunnen uwargida a tsohon gwangwanin biskit, yake kuma jin akwai kafinta a jininsa, sai ya fara da kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa. Madaci zai nema, ja mai nauyi, mai sheƙi idan ya sha guga. Kada rawar kai ta sa ya ce sai madobiya. Tun 2017 yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe, bayan masu kujerun alfarma a ƙasar Sin sun yi wa dazukan Taraba aski. In ya dage, zai ji farashin da zai sa ya koma ya ba gwangwanin haƙuri.

Katakon ya zama busasshe. Mai kaurin inci 1 kan so kusan shekara a inuwa. Wanda ya haɗa ɗanye a watan Agusta zai ga ikon Allah da hunturu: murfi ya kantare, kusurwa ta wage baki, zobe ya fita yawo ba sallama.

Sai awo, kuma a nan maza ke halaka. Tsawo inci 10, faɗi 6, zurfi 4, ya isa har ya yi yawa. Duk incin da aka ƙara fili ne da za a tambayi ranar cika shi, ga zinariya ta haye dala 3,000 kowace oza tun Maris na 2025. Gida biyu a ciki sun wadatar. Wanda ya yi hawa uku don a yaba masa, shi ya jiyo.

A yanke kusurwoyi a digiri 45, a shafa gam, a ɗaure tamau da tsohuwar robar tayar keke har ya kwana. Ban da ƙusa, domin madaci ba ya ɗaukar raini, tsagewa yake. Dabarar ƙwararru ita ce a rufe akwatin ruf ta ko'ina, sannan a sa zarto a yanke murfin daga jikinsa, ta haka bakin zai hau daidai. Maƙwabci zai leƙo ya tambayi ta ina za a buɗe. Ba dole a amsa masa ba.

Guga da samfefa daga lamba 80 zuwa 120 zuwa 220, har hannu ya daina jin kaushi ko kafaɗa ta daina aiki, duk wanda ya riga. Kafin a ɗaura hinji a fara huda ramin sukuru, in ba haka ba kansa zai karye a ciki. Karammiskin shimfiɗa kuwa a kasuwa ake sayensa, ba a yanko shi daga kayan lefe.

Mai mata biyu ya sayi katakon akwati biyu tun farko, daga falanki ɗaya, ya yanka su rana ɗaya, domin za a jera su a auna da tef.