Safaya Ta Tare a Gidan Katako

A garin nan, duk wanda Allah ya hore wa jif 'yar Kwatano mai safaya rataye a ƙofar baya, tsohuwar RAV4 ce ko Pajero, abin da ke hana shi barci ba birki ba ne, ba juyen mai ba ne. Tsiraicin safaya ne. Ta yaya mutum mai mutunci zai ratsa gari tayarsa a fili, maƙiya na kallo?

Da can rigar leda ake sa mata, irin wadda 'yan siyasa ke rabawa da hotonsu. Sai aka gano leda ta fi mai hoton riƙon amana: shi ya sauya jam'iyya tuni, ita tana nan tana tallan tsohuwar. Shi ya sa yanzu yayin katako ake yi.

Alhaji zai nufi 'Yan Katako a Na'ibawa ya sayo filawud da falanki, ya kira kafinta. Kafinta ya auna faɗin taya, ya kafa ƙusa a tsakiyar filawud, ya ɗaura mata igiya, ya ɗaura fensir a ɗaya bakin, ya zagaya, da'ira ta fito. Zarto ya bi layi. A yanka ƙananan katakai a jera su kewaye, a bi da gam da ƙusa, a goge, a shafa banish har ka ga fuskarka. Sai marfi da kwaɗo.

Duk wannan a gaban majalisa ake yi, kuma wanda ko keke ba shi da shi ne shugaban masu shawara. “Ranka ya daɗe, madaci za ka sa, gara ba ta cin sa.” Wani ya ce, “A'a, Alhaji, a bar wa taya taga ta sha iska.” A ƙarshe mai fenti ya zo ya rangaɗa “Hassada ga mai rabo taki” da jan fenti, don na bayanka a cunkoson Kofar Nassarawa ya san matsayinsa.

A yi adalci, rana tana tsattsaga roba, inuwa kuwa na ƙara mata kwana. Sai dai taya ko ba a taka ta ba, iskarta na zurarewa a hankali wata bayan wata. Kuma shekarunta na rubuce a gefenta cikin lambobi huɗu: in ka ga 1214, an ƙera ta a mako na 12 na shekarar 2014. 'Yan Rod Sefti, da aka kafa tun 1988, sun gaji da jan kunne kan tayar da wa'adinta ya wuce. To mu mun huta, mun kulle lambar da kwaɗo. Damina ta zo, ruwa ya kwanta a ciki, filawud ya kumbura, ƙarfen taya ya yi tsatsa, ƙofar baya ta fara jan ƙafa don nauyi.

Ranar hisabi takan zo a hanyar Zariya, bayan Kwanar Dangora, rana tsaka. Taya ta yi faci. Makullin kwaɗo yana gida, a aljihun wata babbar riga da aka kai wanki. Alhaji ya ɗauki sifanar taya ya rushe ginin da hannunsa, “Hassada” ta faɗi gabas, “taki” ya faɗi yamma. Ƙadangare ya fito da gudu. Safaya kuwa ga ta lakwas, suɗaɗɗiya, babu ko numfashi ɗaya a cikinta. Mai facin da aka ɗauko a babur ya duƙa ya karanta lambar, ya ɗago: “Yallabai, wannan ai ta girmi autanka.”

Alhaji ya ɗauki darasi, ya ce ba za a sake ba. Katako ba shi da tabbas. Yanzu haka yana wurin mai walda, na ƙarfe ake yi masa, mai kwaɗo biyu.